Kwandon Donna Rafilina

Ƙarfe takwas na safe kwandon Donna Rafilina yake saukowa, ba saura ba, ba da 'yan mintoci ba. Da ƙararrawar cocin unguwar Sanita ta buga, sai ka gan shi ya leƙo daga barandar hawa na huɗu yana lilo a bakin igiya, ya wuce na uku, ya wuce na biyu, ya zo ya tsaya daidai ƙofar kantin Don Aniello. A cikinsa akwai 'yar takarda: burodi, cuku, tumatir uku. Don Aniello ya karanta, ya zuba, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ku ja, Donna Rafilina!" Ita kuma ta ja. Haka tsofaffin birnin Napoli suke cefane tun kaka da kakanni, kuma da can ko kare ba ya tsayawa kallo.

Yanzu kuwa ana tsayawa, har da sakin baki. Tun da kuɗin jirgi ya karye, duk mai ƙaiƙayin ƙafa a duniya ya gano hanyar Napoli. Masu hannu da shuni suna can otal-otal na bakin teku, ba ruwansu da Sanita. Rabon lungu su ne masu jakar goyo, masu gajeren wando da jan wuya, waɗanda mutum uku za su haɗu su sayi piza ɗaya, su baje a ƙofar gidan mutane su raba, su cika gora a famfon titi, sannan su bi gari suna ɗaukar hoton duk abin da ba nasu ba. Donna Rafilina ta tsane su, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ta tsani ƙarar tayoyin akwatunansu a kan duwatsun lungu. Ta tsani yadda suke ɗaga waya su saita ta, sai ka ce ita ma tsohon gini ce. Sau biyu ta sheƙa musu ruwan wanke-wanke daga sama, ta ce wai hannu ne ya kuɓuce mata.

Wanda duk ya san ta ya san ƙarya take, don hannun Rafilina ba ya kuɓucewa. Tana da shekara goma sha ɗaya uwarta ta zaunar da ita a gaban keken ɗinki, ta koya mata ɗinkin safar hannu ta fata, sana'ar da rabin matan unguwar suka ci abinci da ita. Ta auri Catello, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya hau da ita wannan ɗaki na hawa na huɗu, yau shekara arba'in da shida. Duk rayuwarta ta cikin kwandon nan ta bi. Yankakkiyar fata ta hau a ciki, ɗinkakkiyar safa ta sauka. Abincin ranar da Catello ya manta ya sauka, takalmin makarantar ɗansu Saverio ya hau daga wurin mai gyara. Ran da Catello ya dawo yana tangaɗi, ya tsaya a ƙasa yana roƙon a sauko masa da makulli, kwando ya sauka, amma bargo ne a ciki. Mutanen lungu suna ba da labarin ranar da ta jawo tukunyar gas ita kaɗai, tana ja tana zagin mai sayarwa.

Catello ya rasu. Masu ba da ɗinki suka rufe. Gwiwoyi suka ƙi, matakala saba'in da biyu ta gagare ta, shekara huɗu ke nan ba ta taka ƙasa ba. Maƙwabta kuma suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, wasu kabari, wasu bayan gari, kuma duk ɗakin da ya zama fanko sai mai gidan ya shafa masa farin fenti ya zuba gadaje, ya fara sa baƙin kwana ɗaya. Ita kaɗai ta rage a benen cikin mutanen da.

Saverio yana aiki a wata masana'antar tayil kusa da garin Modena, can arewa, kuma ya daɗe da gyara mata ɗaki a gidansa, ɗakin ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Duk zuwan da zai yi sai sun yi faɗa a kai. Zuwansa na bara ne ya gaji, ya kirawo Don Aniello ya zama shaida.

"Mamma, ki ji da kyau, ba zan maimaita ba. Muddin kwandon nan yana sauka yana hawa da hannunki, na bar ki. Ran da ya gagare ki, Don Aniello zai buga min waya, in zo in ɗauke ki. Ba kuka, ba zagi."

"Ran da ya gagare ni, ka zo da akwatin gawa, ka huta."

"Don Aniello, kun ji dai?"

Don Aniello ya share zufa, don hawan ya kusa kashe shi, ya rantse da kabarin uwarsa. Mutum ne mai tumbi da yawan magana, amma bai taɓa rantsuwa da kabarin nan ya saɓa ba, kuma ita ma ta sani.

Abin da take zaton babu wanda ya sani shi ne, tun sanyin da ya wuce yatsunta suka fara cin amanarta. Da safe sai su sandare, ba sa damƙa sai an lallashe su. Sai ta shiga dabara. Cefanen da take jawowa a tashi ɗaya ta raba shi uku, kullum wai ta manta abu kaza. In Don Aniello ya ce a ja, sai ta ce kofin da take dafawa yana kan wuta, ta ɗaure igiya a ƙarfen baranda, ta shige ciki ta tsoma hannuwa a ruwan ɗumi har su saki. Kwando kuwa yana nan a rataye daidai ƙirjin mai wucewa, minti biyar, wani lokaci goma. Ba ta damu ba. A lungun da za a iya zare maka agogo kana tafiya, ba a taɓa jin wanda ya sa hannu a kwandon tsohuwa ba. Ɗan unguwa ya san wannan tun yana rarrafe.

To, amma baƙo ko da idonsa makaho ne. A shekarar annoba, lokacin da aka kulle gari, wasu bayin Allah a wata unguwa sun rataya kwanduna da rubutu a jiki: mai hali ya sa, marar hali ya ɗauka. Abu ne mai kyau, kuma ya wuce tare da annobar. Sai dai hotonsa ya zaga duniya, ya shiga littattafan 'yan yawon buɗe ido ya zauna daram, har wasu suka ɗauka duk kwandon da ke lilo a Napoli na sadaka ne.

Wata Alhamis ta watan Mayu, kwando ya sauka ƙarfe takwas, Don Aniello ya sa burodi da cuku, ta ce kofi yana kan wuta, shi kuma ya koma cikin kanti. Abin da ya faru a ƙasa sai daga baya ta ji shi. Wani dogon mutum ne ya shigo lungun, Joris sunansa, daga ƙasar Holan, wanda ya kwana a zaune cikin motar haya don kada ya biya kuɗin ɗaki, ya sauka da sassafe ya kama yawo da yunwa a cikinsa. Ya ga kwando. Ya tuna abin da ya karanta, zuciyarsa ta yi fari. Ya ɗauke burodin da cukun. Da a nan ya tsaya, da ɓarawo ne kawai, kuma da ta fi sauƙi. Amma shi mutumin kirki ne, irin kirkin nan mai jawo wa mutane masifa. Ya ce tun da ya ɗauka sai ya sa. Ya kwance jakarsa, ya fito da gwangwanin wake huɗu da ya yi ta dako tun daga garinsu don tsoron tsadar abinci, da ƙullin shinkafa, da wani ƙaton littafi mai bayanin coci-cocin birnin wanda ya ishe shi nauyi. Ya jera su a ciki, ya ɗauki hoto, ya koma dakalin da ke fuskantar kantin ya zauna cin kumallo.

A sama, Donna Rafilina ta goge hannu ta kwance igiya. Jan farko gabanta ya faɗi. Burodi ɗaya da ɗan cuku ne suka yi wannan nauyi? Ba ta leƙa ba, don tsoro ya riga ya kama ta: ta ɗauka hannuwan ne suka ƙarasa mutuwa. Ta cije leɓe, ta tokare ƙafa a jikin ƙarfe, ta ja. Hawa na ɗaya. Ta ja, numfashinta yana fita da ƙara. Hawa na biyu. Daga nan yatsun suka buɗe da kansu, ba tare da sun yi shawara da ita ba. Igiyar ta zarce a tafinta da gudu tana ƙuna, ta yi ƙoƙarin damƙewa ta ƙara yanke ta, sai ga bakin igiyar ya fice ta saman ƙarfe ya bi kwandon.

Ƙarar ta cika lungu. Gwangwanaye suka tarwatse suna gangarawa, shinkafa ta bazu a tsakanin duwatsu. Don Aniello ya fito da wuƙar yankan cuku a hannu, mai aski ya leƙo, matar mai kifi ta dafe ƙirji. Da Donna Rafilina ta leƙo, abu biyu ta gani. Ta ga igiyarta kwance a ƙasa, karon farko cikin shekara arba'in da shida. Ta kuma ga wani zangwamemen ƙato da jan hanci a dakali, rabin burodinta a hannunsa, rabi a bakinsa.

"Ɓarawo!" Muryar dai ba ta tsufa ba. "Kai, dogon banza! Kai mai ƙafa kamar sandar shanya! Burodin uban wa kake ci? A garinku yunwa ake yi da ka zo cin na gwauruwa? Don Aniello, ku riƙe min shi! Ku riƙe shi in nemo abin da zan jefe shi da shi!"

Don Aniello ya tsaya a kan mutumin. "Malam, wa ya ba ka?"

Joris ya haɗiye da ƙyar. Yaren ƙasar a waya ya koye shi, kalma-kalma yake tsinto shi. "Kwando. Na kowa. Mai hali ya sa, marar hali ya ɗauka. Na karanta."

"Ya karanta!" in ji matar mai kifi, ta tafa hannu. "Jama'a, ya karanta!"

"Na sa kuma," Joris ya ce, yana nuna gwangwanayen da alfahari. "Na sa da yawa. Don talaka."

Wannan kalma ta hau har hawa na huɗu. "Talaka? Ni ce talakar? Ni da na ɗinka safar da matan garinku suke yanga da ita tun uwarka ba ta san za ta haifi irinka ba? Ni za ka yi wa sadakar waken gwangwani? Allah ya sa waken nan ya tsaya maka a ciki har ka koma inda ka fito!"

Sai a lokacin ya gane. Fuskarsa ta ƙara ja, ya miƙe yana ta ba da haƙuri cikin yare uku. Kuma da yake rashin sani ya fi dare duhu, sai ya nemi gyara ɓarna da wata ɓarnar. Ya shiga kanti ya sayi sabon burodi da cuku, ya naɗe igiyar, ya rungumi kwandon ya nufi ƙofar benen.

"Kada ka hau!" ta yi ihu. "Don Aniello, ku hana shi! Kayana ba sa bin matakala!"

Ina, ya riga ya shige. Tana jin takunsa, biyu-biyu yake haɗawa, matakalar da ta gagare ta shekara huɗu. Duk lungu ya ga an hau wa Donna Rafilina da cefane a hannu, kamar yadda ake yi wa marar lafiyar da aka fid da rai da shi. Ta ɗauki tsohon almakashinta na yankan fata, ta buɗe ƙofa.

Ya miƙo kwandon da hannu biyu. Amma idonsa ba a kanta yake ba, ya tsallake kafaɗarta ya shige ɗaki: keken ɗinki a lulluɓe, hoton Catello da fitila a gabansa, jajayen barkono a rataye, tukwanen tagulla.

"Kai! Kyau!" ya ce. "Kamar zamanin da. Na gaske!"

"Da na ƙarya ake yi?"

Bai ji gatsen ba. Baki ya buɗe, sai zuba. Awa biyu kacal ya yi a birnin, amma ya riga ya gama fahimtarsa, kuma yana so ta ji. Wai bai taɓa ganin gari irin wannan ba. Ga datti, ga hayaniya, bango duk ya tsage, babura kamar za su taka mutum, amma akwai rai. Wai a garinsu komai tsaf, komai shiru, kowa ya rufe ƙofa. "Nan kowa ba shi da komai, amma kowa dariya. Kowa raba abinci. Kuma arha! Kaka, kin yi sa'a. Ni ina so in zauna nan har mutuwa."

"Kwana nawa za ka yi?"

"Ɗaya. Gobe Roma."

Ta dube shi tun daga silifas har gashi. "Kwana ɗaya. To bari in ba ka abin da za ka ƙara a karatunka. Tsagewar bangon nan da ta burge ka, ta nan ruwa yake zubo min a gado. Hayaniyar da kake jin daɗi, rabinta ku ne. Dariyar da ka gani, ku ake yi wa. Ka zo ka ci arha, ka ɗauki hoton wandon mutane a igiyar shanya, gobe ka tafi ka ce ka san Napoli. Mu da za mu kwana a cikinta fa?"

Rabin maganar ya wuce shi, amma ya yi murmushi ya nuna ƙasa da yatsa. Wai ai maƙwabta ne yau, a hawa na uku zai sauka, ɗaki mai gado shida. Ɗakin Donna Ninetta ke nan, ƙawarta, wadda suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta baranda, wadda a ɗakin ta haifi 'ya'ya biyar kuma a ɗakin aka yi mata wankan gawa. Nan ne Joris ya lura da tafin hannun Donna Rafilina, fata ta saluɓe, jini yana tsattsafowa. Ya yi salati irin nasu, ya fara laluben jakarsa wai yana da magani.

"Ka taɓa ni in huda ka," ta ce, ta ɗaga almakashin. "Ajiye kwandon. Juya. Sauka."

Ya ajiye, ya juya, ya sauka, ta maido ƙofa da ƙarfi har hoton Catello ya karkace.

Da rana ta yi, lungu ya ɗan lafa, Don Aniello ya fito ya tsaya ƙarƙashin baranda, hannuwa a bayansa. Ta san abin da ya kawo shi, don haka ta riga shi.

"Ba hannuna ba ne, Don Aniello. Kun gani da idonku. Wancan jakin ne ya loda min duwatsu."

"Gwangwani huɗu, Donna Rafilina. Da 'yar shinkafa, da littafi."

"Littafin kun ɗaga shi kun ji?"

"Na ɗaga. Ku da kuka jawo tukunyar gas ina tsaye a nan?" Ya duba hagu da dama, ya rage murya iyakar yadda za ta kai hawa na huɗu, wato duk lungu yana ji. "Tun Kirsimeti kwando yake sauka sau uku. Kullum kun manta, kullum kofi yana kan wuta. Kofin nan ba ya dahuwa ne? Ni fa ba yaro ba ne. Wata biyar ina zaɓar muku burodin da ya fi ƙanƙanta, ina cewa a raina ai kwando yana hawa, ban karya rantsuwa ba. Yau kuwa bai hau ba, kuma kowa ya gani."

Ashe duk dabarar da take yi, a tafin hannunsa take. Wannan ya fi ƙunar igiyar ciwo. "Munafuki," ta ce. "Shekara arba'in ina sayen cukunku mai tsami ban taɓa kai ƙararku ba."

"Ku zage ni, na saba. Amma alkawari kaya ne, kuma da kabarin uwata na rantse."

"To ku ba ni gobe. Ku sa abin da kuka saba sawa. In bai hau ba, ku kira shi."

"Gobe," ya ce.

Washegari ƙararrawa ta buga takwas, kwando ya sauko, a hankali fiye da kullum. Ta naɗe tafukanta da tsummokaran tsohuwar riga. Don Aniello ya sa burodi ɗaya tak, ko cukun bai sa ba, ya ce a ja, ba tare da ya ɗaga kai ba. Mai aski ya tsaya da aski. Matar mai kifi ta yi alamar gicciye a ƙirji. Kwando ya tashi, ya wuce kan mutum, ya kai hawa na ɗaya, ya ɗan ƙara kaɗan. Sai ya tsaya. Ya yi rawa, ya zame taƙi guda, ya sake tsayawa. Ta ɗaure igiyar a ƙarfe da haƙori da gwiwar hannu, don ta rantse ba zai sake faɗuwa a gaban mutane ba, ta zauna a kujera tana kallon hannuwanta.

A daidai wannan lokaci ƙofar benen ta buɗe, Joris ya fito da jakarsa a baya, ya yi barci ya ƙoshi. Ya ɗaga kai, ya ga kwando a sama, ya gan ta, ya washe baki yana ɗaga hannu. "Yana aiki! Madalla! Sai wata rana, kaka! Napoli, ba zan manta ba!" Ya juya ya nufi tasha da saurinsa. Ba ta da ko ruwan wanke-wanke a kusa, kuma da akwai ma ba za ta iya ɗaga bokitin ba. Don Aniello ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ya tofar da yawu, ya shiga kanti ya ɗauki waya.

Kwana biyu matar mai kifi ce take hawo mata da abinci, ita kuma tana karɓa ba godiya. Kwandon yana nan a rataye tsakanin sama da ƙasa, tattabaru suka cinye burodin, baƙi suka yi ta ɗaukar hoto. Ran Lahadi Saverio ya iso. Ya sumbaci goshinta, ba ta kula shi ba. Ya fita baranda ya jawo kwandon da hannu ɗaya yana magana a waya da ɗayan, kuma wannan ma ta sa shi a cikin abubuwan da ba za ta yafe ba.

"Mamma, ɗakin yana da taga babba. Akwai lambu a baya."

"Wa zan sauke wa kwando a lambu? Tsutsa?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zagi ba, tun da haka aka yi alkawari. Aka ɗora ta a kujerar katako, Saverio a gaba, mai aski a baya, aka fara sauka da ita, kwandon a cinyarta da igiyar a naɗe a ciki. A hawa na biyu suka ci karo da wakilin mai gidan, wani mai ƙamshin turare, ya riga ya zo da ma'auni a hannu. Ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya ce ko za ta bar kwandon, ai baƙi suna son irin waɗannan abubuwa. Kallon da ta yi masa ya sa ya manne da bango har suka wuce.

Da aka fito da ita ƙofa, sai ta rasa inda take. Shekara huɗu daga sama take ganin lungun, rumfuna da kawunan mutane, ta ɗauka yana nan yadda ta bar shi. Shagon mai gyaran takalmi ya zama wurin sayar da lemo a kofin roba. Inda mai gawayi yake an jera akwatunan baƙi. Kowace ƙofa da 'yan akwatunan makulli masu lamba, biyar, shida, an liƙa su kamar kaska. Kantin Don Aniello kansa, rabin gabansa tarkacen tsaraba ne da hotunan dutse mai aman wuta. Ta ɗaga kai. A barandar hawa na ɗaya na gidan da ke kallonsu, inda rumfa take kare mata, ga kwanduna uku a rataye, sababbi fil, cike da lemon tsami na roba, igiyarsu a ɗaure tamau, ba mai saukewa, ba mai ja. Ta yi ta juya kai tana kallo, baki a ɗan buɗe, har ta ankara cewa haka baƙin suke yi, ta rufe bakin da sauri.

Don Aniello ya fito daga kanti. Shekara guda ba ta gan shi kusa ba, sai ta ga ashe shi ma ya tsufa, ƙasan idonsa ya zazzago. Yana riƙe da burodi, babba, irin wanda ya daina ba ta tun Kirsimeti, da cuku a takarda, da tumatir uku. Ya tsaya a gabanta. Ya sunkuya ya jera su a cikin kwandon da ke cinyarta, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. Ya miƙe. Saboda sabo ya ɗaga kai sama, wajen barandar da babu kowa, kafin ya tuna ya sauko da shi.

"Ku ja, Donna Rafilina," ya ce a hankali.

Hannuwanta biyu, a naɗe cikin tsumma, suka tashi daga kan kwandon da kansu, dama a sama, hagu a ƙasa, suka damƙi iska.